Maganin Inna Yana Ƙarewa da Wuri

Yaya Lawal,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Ya Anti Rabi da yara? Mu nan Ƙofar Guga lafiya lau, sai dai wani abu ya tsaya mini a rai.

Tun da soja suka miƙa mulki Baba ya shiga hidimar jam'iyya, ya daina karɓo maganin hawan jininsa. Wai namiji ba ya yawo da ƙwaya a aljihu, kada 'yan hamayya su ce ya gaza. Amma da aka auna shi ranar Talata, jininsa daidai yake. Na Inna ne ya hau, ita da ba ta wasa da magani, kuma na wata guda ya ƙare mata cikin sati biyu.

Jiya na iske ta tana murƙushe wani farin abu cikin kununsa. Na ce, "Inna, mene ne wannan?" Ta ce, "Suga ne," ta juya mini baya. Yaya, rabon gidan nan da suga tun azumi.

Don Allah ka rubuto wa Baba, maganarka yake ji. Kada dai Inna ta san daga bakina ta fito. Ku sa ta a addu'a. A gaida kowa.

Ƙanwarka,
Hadiza