Giɓin da Ya Rage a Kantar Malama

Litinin, 3 ga Maris

Masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa, gidan ya yi mini yawa. Auta, 'yarmu, ta ce in riƙa rubuta abin da ke raina tunda bakina ya mutu. To, ga shi. Matata ta rasu. Shayin safe ba daɗi. Famfon kicin yana ɗiga kuma na ƙi taɓa shi, ni da na ƙare rayuwata a ma'aikatar ruwa.

Alhamis, 6 ga Maris

Yau na daure na tsaya gaban kantar littattafan Malama, matata. Ba ta ajiye ƙagaggun labarai, ta ce duniyar gaske ma ba ta gama ba ta mamaki ba. Nata na tarihin gishiri ne, da rayuwar ƙudan zuma, da girgizar ƙasa, da taurari, da yadda ƙwaƙwalwa ke tsufa. Duk na san bayansu, ban san cikin ko ɗaya ba.

Tana da wani hali. Ba ta ba mutum littafin da ya roƙa. Sai ta zaunar da kai, ta kawo maka ruwa, ta bar ka ka yi ta surutu, sannan ta miƙe ta zaro wanda ita ta ga ya dace da kai. Na kusa da shi kuma sai ta karkata shi ya jingina a kan gurbin, wai don wurin ya jira mai shi. Ba ta rubuta wa ya ɗauki me. A kanta take riƙewa, kan kuwa ya tafi da ita.

Yanzu kantar duk giɓi ce, kamar bakin tsoho.

Asabar, 8 ga Maris

Auta ta ce makarantar da Malama ta koyar za ta so littattafan. Na ce babu wanda zai motsa ko shafi sai duk sun dawo gida. Ta ce, “Baba, ina za ka samo su?” Na ce wannan matsalata ce. Na faɗa wa telan da ke ƙasan benenmu ya baza magana a layi. In kana son zance ya zagaya unguwa, telan nan ya fi rediyo.

Akwai abin da ban faɗa wa Auta ba. Malama ta zaɓa wa kowa littafi, har mai gyaran takalmi. Ni da muka tsufa a ɗaki ɗaya, ko sau ɗaya ba ta miƙo mini ba. Na san nakan yi mata tsiya, in ce ta mayar mini da falo asibiti, tana rubuta wa mutane magani. Amma tsiya ce kawai. Abin yana ci na. Ko ta saurari kowa ne ban da ni?

Laraba, 12 ga Maris

Telan ne ya fara kawo nasa, a cikin leda, ya yi masa riga da ragowar yadi. Na yadda yara ke koyon magana ne. Ya ce lokacin da ɗansa ya ƙi buɗe baki, dangi suka sa shi gaba da surutu, Malama ce ta hau da shi nan ta ba shi. “Yallaɓai, yanzu kuwa roƙonsa muke ya yi shiru.” Ya yi dariya, sai dariyar ta juye. Ban san inda zan sa idona ba, na duƙa ina neman gurbin.

Asabar, 15 ga Maris

Na mayar da uku. Na zauna bakin taga har rana ta juya. Ba abin da na yi.

Talata, 18 ga Maris

Direban bas ɗin makaranta ya zo da na taurari, gefensa duk ya yi baƙi da man mota. Da tana nan da ya sha faɗa. Malama ko kofi ba ta yarda a ɗora a kan littafi, ta taɓa hana ni abinci mai zafi a kan haka. Ya ce shi na injin mota ya roƙa, ta ce masa, “Inji ai ka sani. Sama ce ba ka taɓa ɗaga kai ka duba ba.” Har yau in ya fito da asuba zai tayar da mota sai ya duba.

Ya tafi ya bar ni da kishi. Kishin direba, a wannan shekarun nawa. Allah ya kyauta.

Juma'a, 21 ga Maris

Na yi rashin kirki yau, ko dai ban yi ba, oho. Maƙwabciyarmu, mai aiki a kemis, ta ƙwanƙwasa. Na ɗauka dawo da wani za ta yi. Ashe aro ta zo yi. Mahaifiyarta ta fara rikicewa, jiya ta tambaye ta ita 'yar waye. Ta ce, “Baba, da Malama na nan da ta san wanda za ta ba ni.” Na ce to ba ta nan, kuma nan ba ɗakin karatu na gwamnati ba ne. Ta ce in yi haƙuri, ta sauka a hankali.

Tattarawa nake, ba rabawa ba. Wa zai ce ban da gaskiya?

Talata, 25 ga Maris

Suna ta dawowa. Na girgizar ƙasa daga wurin mai wanki, na gishiri daga ƙanwar Malama, wadda ta rantse ba ta karanta ba amma ta zauna ta ba ni labarinsa kaf. Kowa ya zo sai ya zauna a kujerar nan ya faɗi dalilin da ta ba shi. Ban tambaye su ba. Na gaji da jin yadda matata ta san zuciyar kowa.

Lahadi, 30 ga Maris

Saura giɓi ɗaya, a layi na biyu, kusa da na ƙudan zuma. Na tambayi duk wanda na sani, babu.

Na zaci in ta cika zan ji sanyi. Sai ga shi kantar ta miƙe tsaf, ba karkatacce sai ɗaya, kamar ta shagon da ba a ciniki. Ba na son kallonta. Ina kewar matar nan.

Laraba, 2 ga Afrilu

Hadari ya taso da rana, Auta tana nan tana mini shara. Ta je rufe tagar falo, wadda nake zama a gabanta kullum da safe. Ƙarfen da ke riƙe ta ya daɗe da karyewa, da wani abu aka tokare ta. Auta ta zaro abin, sai na ji tsintsiya ta faɗi.

“Baba, wa ya sa wannan a nan?”

Na ce mamanki. Kafin a kwantar da ita asibiti ne. Na tuna ma abin da ta ce: “Injiniya, kafin ka ga damar gyara ƙarfen nan, wannan ya riƙe maka.”

Auta ta juyo da shi. Littafi ne, na tsuntsayen da ke zama cikin gari, rana ta cinye launin bayansa. Ta kai shi giɓin nan, ya shige daidai. Ta ce, “Mama da ba ta yarda a ɗora kofi a kan littafi, ita ce za ta tokare taga da shi haka kawai? Baba, ta san in ta miƙa maka a hannu tsiya za ka yi.”

Tagar tana kallon bishiyar bayan gida. Ni kuwa tun da na yi ritaya a nan nake wuni, ina ƙorafin tsuntsaye sun dame ni da kuka.

Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada yarinyar ta ji.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Na ciro shi daga kantar. Ban gama da shi ba, ba zai koma ba.

Litinin, 7 ga Afrilu

Ba karatu nake ba, hotuna nake dubawa. Amma ƙananan nan masu wutsiya a tsage da ke shawagi da yamma tsattsewa ne, kuma wai tafiya mai nisa suke yi su dawo. Na juya zan faɗa wa Malama.

Laraba, 9 ga Afrilu

Na gyara famfon kicin, ɗigar ta ishe ni.

Na haɗu da maƙwabciya a matakala, idonta duk ya faɗa. Na ce ta hau ta sha ruwa. Ta zauna ta yi ta magana a kan mahaifiyarta, ni dai ina ji. Da za ta tafi na miƙa mata na ƙwaƙwalwar nan. Ban san ko shi Malama za ta zaɓa ba. Na ce kada ta kuskura ta ɗora masa kofi.

Auta ta bugo waya a kan maganar makaranta. Na ce su dakata, akwai biyu a waje. Ta ce, “Biyu? Ba ɗaya ba ne, kuma yana hannunka?” Na ce layin ba kyau.

Littafin da ke kusa da gurbin na ƙwaƙwalwar, na karkata shi. Don kada sauran su zube ne kawai.