Wanda Ya Amsa Sunana a Tsangayar Shari'a

Zuwa ga Rabaran Fada, shugaban kwamitin neman shugaba da malaman sabuwar Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Katolika da ke garinmu.

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka tare da sauran 'yan kwamiti, da fatan Allah ya tsare ku daga wannan annoba. Sunana Habibu, malamin da kuka ɗauka bara don koyar da shari'ar gado ta Musulunci. Daga unguwar Danau Kota nake rubutowa, a Kuala Lumpur ta ƙasar Malesiya, inda kullen korona ya ritsa da ni da iyalina bayan na gama digirina na uku. Na aiko muku saƙo har na gaji ban ji ko tari ba, shi ya sa na fito fili. Dalili kuwa, mahaifiyata ta daina ɗaukar wayata, kuma abin da aka yi a makarantarku ne ya jawo.

Na farko, ina so ka san ba baƙo ba ne ni a wurinku. A firamaren mishan da ke bayan cocinku na koyi baƙi da wasali. Sistoci ne suka riƙe hannuna na fara rubutu, kuma ba su taɓa hana ni fita sallar azahar ba. Da na ga tallarku, wallahi ji na yi kamar an kira ni cin tuwo a gida. Kun gana da ni ta bidiyo, kun tambaye ni rabon 'ya mace da na kaka, na ba ku amsa, kai da bakinka ka ce in haɗa kaya, ofis na jirana da zarar an buɗe hanya. Ranar har wani abokina da ke unguwar Sri Petaling a nan birnin na kira, na ce masa na kusa tafiya.

Na biyu, hanya ba ta buɗe ba, kuma ba ni na rufe ta ba. Nan aka kulle mu, 'yan sanda a kowace mahaɗa, mutum ɗaya ke fita daga gida. Ko shagon mamak, inda muka saba zama shan shayi, sai dai ka yi tapau, a ƙulle maka abincin ka kawo gida. Ina zaune a hawa na sama ina tsara darussanku, ina kallon ruwa yana dukan taga, hankalina yana can zauren gidanmu. 'Yata ƙarama idan na yi mata Hausa sai ta ce mini "boleh lah", wato "to, ba laifi" da yaren mutanen nan. Matata dariya take yi, ni kuwa abin yana ci mini rai, don yarinyar nan ba ta taɓa zama a cinyar kakarta ba.

Na uku, ga abin da ya kawo ni. Na san al'adar jami'o'inmu idan masu tantancewa daga hukumar jami'o'i za su zo. Akan yi aron malamai daga wata makaranta, a ba su kujera da tebur na yini guda don adadi ya cika. Ban taɓa zaton ku ma za ku yi ba. Kuma naku ya wuce aro. Takarduna suna cikin fayil tun tuni, don haka aka samo wani bawan Allah mai tsawona, aka sa masa babbar riga da hula, ga takunkumin korona ya rufe rabin fuska, aka zaunar da shi a ofis mai ɗauke da sunana. Da aka kira Dakta Habibu, ya miƙe ya amsa. Haba Fada! A tsangayar shari'a? Me zan ce wa ɗalibai ranar da muka zo babin sojan gona?

Na huɗu, garinmu ƙarami ne, kun manta da wannan. Matar mai gadinku maƙwabciyar Inna ce. Tun kafin la'asar ta shiga gidanmu da guɗa tana yi wa tsohuwa barka, wai Dakta ya sauka, an gan shi da babbar riga. Ƙanwata ta ba ni labarin abin da ya biyo baya. Inna ta sa aka yanka zakaranta, ta tuƙa tuwon dawa da miyar kuka, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta zauna tana fuskantar ƙofa. Tuwon nan ya huce a gabanta. Washegari aka ce mata motar makaranta ta fita da Dakta da sassafe.

Na rantse mata ta waya ban zo ba. Na nuna mata dogayen gine-ginen nan ta bidiyo, ta ce ai ku 'yan boko babu abin da ba ku iya haɗawa a waya. Hujjarta ɗaya ce, kuma ta fi ƙarfina: ta ce Fada ba ya ƙarya. Shekara da shekaru tana sayar wa Sistoci man gyaɗa, ba su taɓa tauye ta ba, saboda haka idan makarantar Fada ta ce ɗanta ya zo, to ya zo, ya kuma wuce ƙofarta bai shiga ba. Tun daga ranar, ƙanwata na miƙa mata waya take juya baya. Ina kewar muryarta, Fada. Ko faɗa ne ta yi mini, ina so in ji.

Buƙatuna ba su da yawa. Ku rubuta wa masu tantancewa gaskiya, ku ce malaminku na shari'ar gado yana Malesiya yana jiran jirgi, kuma zan bayyana a gabansu ta bidiyo duk ranar da suka so. Ku gyara fayil ɗin nan kafin ku naɗa shugaban tsangayar da kuke nema, don babu lauya mai mutunci da zai yarda ya fara aiki a kansa. Kujerata kuma, in kun ga wannan wasiƙa ta yi zafi, ku ba wanda kuka ga dama. Zai yi mini ciwo, amma zan haƙura.

Wadda ba zan haƙura da ita ba ita ce ta ƙarshe. Gidanmu yana bayan masallacin Juma'a, kowane yaro zai nuna maka. Ka sa takunkuminka ka je da ƙafarka, ka tsaya daga bakin zaure in kana gudun cuta, ka gaya wa Inna wanda aka gani ba ɗanta ba ne. Maganata ba ta shiga kunnenta yanzu, taka ce kawai za ta ji. Tsohuwa ce, ga ciwon suga, kuma ban san ranar da jirgi zai tashi ba. Kada ka bari ta kwanta dama tana tunanin na zo garin na ƙi gaishe ta.

Allah ya ba ka lafiya, ya albarkaci makarantar, ya haɗa ku da shugaba mai tsoronsa, ya kuma sa in zo in same ku da Inna duka a raye.

Wassalam.

Dakta Habibu,
Danau Kota, Kuala Lumpur.