Ranar da Muka Kunna Layin Asibiti

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah Ya ƙara sauƙi.

Ni ina nan lafiya lau. Har yanzu muna jan wayar intanet mai sauri zuwa makarantu da asibitocin gwamnati. Aikina shi ne haɗa bakin wayar, wani zaren gilashi siriri kamar gashin kai. Idanuna sun fara yi mini gardama, sai na mutsuttsuke su kafin in ga zaren, amma ba wani abu ba ne. Don Allah kada Inna ta ji. Ogana ya ce in huta, na roƙe shi ya bari in ƙarasa layin wani ƙaramin asibiti tukuna.

Ranar Talata muka kunna shi. Ina naɗe kayana sai ungozoma ta kira likitan birni ta kwamfuta, ta nuna masa wata mai naƙuda. Ya ce maza a kawo ta. Da yamma aka bugo cewa ta sauka lafiya. Ungozomar ta ce, "Mai waya, yau har da kai aka karɓi haihuwa!"

Na yi dariya, Yaya, amma Autarmu na tuna, da yadda muka wuni neman likita ranar naƙudarta har ta cika. Na zaga bayan motarmu na yi kukan da na kasa yi shekara shida.

Ki shafa mini kan 'yar da Autarmu ta bari, ki ce kawunta yana nan tafe.

Naki,
Ƙaninki