Ƙwayar Umma ta Safe

Litinin, 3 ga Maris

Wata biyar ke nan da aka yi wa Umma aikin maƙoƙo. Likita ya ce 'yar ƙwayar nan za ta riƙe aikin abin da suka cire, ɗaya kullum da safe kafin ta ci komai, har ƙarshen rai. To, ga riƙon da ta yi. Ciki ya yi tauri kamar buhun siminti. Kwana huɗu ba ta zaga ba. Yau ta yi kusan awa a banɗaki, ta fito tana dafa bango, wai "ba komai, Auta." Ba komai ɗin nan shi zai kashe ni.

Alhamis, 6 ga Maris

Mun yi da Yaya. Na tarar ta miƙa wa Umma shayi da madara, ko minti goma ba a yi da haɗiye ƙwaya ba. Na ɗauke kofin. Na ce takardar cikin kwali ta ce rabin awa, ruwa zalla, ke kin taɓa warware ta? Ta ce, "Sannu Farfesa, wanda aka kora a aji uku."

Ba korata aka yi ba, ni na fita, kuma ta sani. Abin da na karanta a maɗaba'a cikin shekara shida, daga shafukan da inji ya ɓata, ita da takardar shaidarta ba ta karanta rabinsa ba. Na ce mata in ta kashe tsohuwar nan da jahilci kada ta zo min da kuka. Ta ajiye cokali ta fita. Umma ta ce in ji tsoron Allah.

Ni da na san abin da nake yi. Tun watan farko da ƙwarnafi ya dame ta na sayo farin maganin ruwan nan mai kama da alli, cokali biyu tare da ƙwayar, ya shimfiɗe mata ciki kada ƙwaya ta ci mata hanji a kan yunwa. A wani littafin lafiya da muka ɗinke na ga yadda yake aiki. Ba wanda ya gaya min, ni na haɗa.

Lahadi, 9 ga Maris

Rigar sanyi biyu Umma ta saka, mu muna fifita. Fuskarta ta kumbura. Ba ta ci rabin biredi ba ta ce ta cika.

Laraba, 12 ga Maris

Barci ya kwashe ta a kicin ɗin makaranta tana yankan albasa, tukunyar yara ta ƙone. Shugabar kicin ta ce ta ba ta zuwa ƙarshen wata, in ba ta dawo daidai ba a nemi wata. Shekara goma sha tara tana dafa musu. Na ce zan je in gaya wa matar nan abin da ba ta taɓa ji ba. Umma ta riƙe min riga. Riƙon ma babu ƙarfi, da na motsa zan ƙwace. Ban motsa ba.

Talata, 18 ga Maris

Asibiti, an ɗibi jini. Na ce wa likitan ƙwayarsu jabu ce. Ya ce a jira sakamako tukuna. Kullum a jira.

Yaya ba ta yi min magana tun ranar nan. Sai dai ta ce wa Umma, "Ki gaya wa ɗanki."

Na mayar da farin maganin cokali uku.

Litinin, 31 ga Maris

Umma ta dawo da rigar aikinta a leda, da ludayin da ta ce nata ne tun farko.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Ban san ta inda zan rubuta wannan ba.

Sakamako ya fito, likita ya ce kamar ba ta shan ƙwayar. Na ce a gabana take haɗiyewa. Ya tura mu ɗakin magani. Matar da ke wurin, mai tabarau, ta bar ni na gama zazzaga mata tas, sannan ta juya ga Umma. "Mama, me kike sha tare da ita?"

Umma ta zaro kwalbar daga jaka har da murmushi. "Ɗana ne ya haɗa min. Shi mai karatu ne."

Matar ta buɗe sabon kwali, ta warware takardar a kan kanta, ta juya ta. Ta juya ta kawai. Ta ɗora yatsa a wani layi can ƙasa. Maganin ƙwarnafi irin wannan yana kama ƙwayar a ciki ya hana jiki ɗauka, a bar awa huɗu tsakaninsu. Ta ce shi kansa yana iya ƙara taurin ciki. Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da na samu abin riƙewa.

Takarda dubu nawa nake ninkewa a rana? Maigidana a maɗaba'a ba ya barin aiki ya fita sai na duba gaba da baya. Wannan na karanta gabanta ya fi sau ashirin, har na ja layi da biro. Bayanta kuwa, da na ga ƙananan rubutu da lambobi, na ce na likitoci ne.

A mota Umma ta ce, "Da ma ba na son ɗanɗanonsa. Amma ina son in ga kana aunawa, kana ɗaga cokalin kana duba shi a haske."

Na kalli taga har gida.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Na je wurin shugabar kicin. Na yi sallama, na cire hula, na faɗa mata laifina ne, wata biyu kawai a ƙara wa Umma. Ta ce Allah sarki, an riga an ɗauki wata.

Umma ba ta gaya wa Yaya ba. Na san ba za ta gaya mata ba.

Asabar, 19 ga Afrilu

Yau minti goma ta yi a banɗaki. Ta ci biredinta duka. Amma har yanzu da ta idar da sallar asuba sai ta ɗaura ɗankwalin aiki, ta zauna a bakin gado, can ta kwance shi.

Ni na gaya wa Yaya. A tsaye, tana wanke-wanke, ban tsawaita ba. Ba ta juyo ba. Na ce akwai wata kalma a bayan takardar da ban gane ba, ko za ta duba min. Ta goge hannu ta karɓa. Ita ma ba ta gane ba. Ta ce mu tambayi mai tabarau ranar Talata, na ce to.

Ba ta ce Farfesa ba. Ni ma ba haƙuri na ba ta ba. Ƙwayar dai na mayar ɗakin Yaya, don ta fi ni tashi da wuri.