Akushi Mai Tabon Ƙusa

Zuwa ga 'yata Tamanda, a Zomba.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ke da maigidanki da yara kuna lafiya. Ni ma da sauƙi a nan Johannesburg. Likita ya ƙara mini kwanaki a asibiti, amma kada wannan ya dame ki.

Na sami labarin iska ta kayar da mangwaron da marigayiya mahaifiyarki ta dasa. Kada a yi girki da itacensa. Ki kai gungumen wurin masassaƙin nan, Bambo Nkhoma, ya juya shi a injinsa na sassaƙa, ya fitar da akushi bakwai: shida na jikoki, ɗaya nawa. Zai ce sai itacen ya shekara yana bushewa, don kada ya tsage. Gaskiyarsa ce, kada ki matsa masa saboda ni.

Zai tarar da baƙin tabo inda ƙusar igiyar shanya take. Kada ya kankare shi. Shekara talatin ina mitar ƙusar nan a karkace take, mahaifiyarki kuwa tana cewa, "Malam Sufeto, je ka duba makarantunka, ka bar mini ƙusata."

Mai tabon shi ne nawa. Idan ban dawo ba, ki riƙe shi.

Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinki,
Wyson Chikaonda