Mota Mai Sanƙo

Litinin, 3 ga Maris

Tallar ta fita da safe. Kafin in shanye shayina har an fara zagi a intanet.

Ba su san sunana ba tukuna, "waɗanda suka kashe Denholt" suke cewa. To ni ce. Ni ce shugabar sashen talla a kamfanin motoci na Denholt, ni na sa aka cire zalɓen ƙarfen da ke tsaye a kan bonet ɗin motocinmu tun zamanin kakanni, ni na ce harafi ɗaya siriri ya ishe mu tambari. Ni kuma na amince da tallar da babu mota a cikinta, sai wata yarinya tana tafiya ba takalmi a kan sabon titi. Wani ya rubuta wai ya ɗauka tallar man shafawa ce. Wani ya ce har abada ba zai ƙara sayen motarmu ba. Na leƙa shafinsa, keke yake hawa.

Su yi ta yi. Shekara nawa muna ƙera motar da kowa ke yabo amma ba mai saye? Masu sayen namu duk sun yi furfura, kullum raguwa suke. In ba mu canja ba kamfanin nan rufewa zai yi, kuma masu kukan nan ba za su ciyar da ko gida ɗaya a Coventry ba.

Abu ɗaya ne a raina. Ranar 27 za a nuna sabuwar motar, mai lantarki, kuma al'adar kamfani ce wanda ya fi tsufa cikin 'yan fansho shi ke jan mayafin da aka rufe motar da shi. Bana kan Baba abin ya faɗo. Babana, Cliff Tibbets, wanda ya ƙare ƙarfinsa yana ɗaura zalɓe a bonet. In ya ja mayafin nan, zan iya ɗaukar zagin duniya. Kuma sai ya ja.

Laraba, 5 ga Maris

Na kira Baba, bai ɗauka ba. Mutumin da wayarsa ba ta barin aljihun rigarsa.

Alhamis, 6 ga Maris

Sun samo sunana da hotona. Yau na fito na tarar an ɗora mini ɗanyen kifi a gilashin mota, wai tunda na kori zalɓe in cinye abincinsa. Na yi dariya, ba ƙarya, sannan na shiga mota.

Oga Piers, babban manajanmu, sai murna yake. "Lorna, kowa maganarmu yake, ai wannan shi ne talla!" Shi kam ya faɗa. Daga London yake zuwa, can yake komawa. Ba shi ke sayen burodi a wurin matar da ta san shi tun yana rarrafe ba, ta miƙa masa ba tare da ta ɗago kai ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Na je gidan Baba cin abincin Lahadi ba tare da an gayyace ni ba. Na tarar ya jera faranti biyu, ashe ya san zan zo. Gasasshen nama da dankali, kabejin ya dahu har ya mutu kamar kullum tun bayan rasuwar Mama.

Muka fara ci. Can ya ce, "Ashe kunyarmu kike ji."

Na ce haba Baba, wace irin magana ce wannan. Ya ce to me ya yi miki, tsuntsun? Nan fa na hau. Na ce masa yaushe rabonsa da ganin sabuwar Denholt a titin nan, ban da tasa da ke kwance a gareji yana goge ta duk Asabar? Na ce mutane nawa aka sallama bara, ko tsuntsun ne zai riƙe sauran? Na faɗi da yawa, wasu ma bai kamata ba.

Bai musa ko ɗaya ba. Cewa kawai ya yi, "Ni dai ba zan ja wa mota mai sanƙo mayafi ba."

"Za ka ja."

"Taurin kan uwarki kika ɗauko."

"Naka ne, Baba, kowa ya sani."

Ya zuba mini sauran naman a roba kamar yadda ya saba, amma bai rako ni ƙofa ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Talata, 11 ga Maris

Kawu Norman ya rasu jiya. Abokin Baba tun suna koyon aiki, Baba ya girme shi da 'yan watanni, kuma bai taɓa barinsa ya manta ba.

Matarsa, Goggo Maureen, ta kira ni. Na yi mata ta'aziyya, sai ta ce, "'Yar nan, yaushe za a kawo tsuntsun? Masu haɗa akwati suna tambaya."

Sai a lokacin na tuna.

Duk ma'aikacin Denholt da ya mutu, mai sito yana ɗauko sabon zalɓe daga kanta, ya naɗe a ƙyalle, ya kai gidan da ƙafarsa, a ɗaura a murfin akwatin gawa. Ba a rubuta wannan ko'ina ba, manyan ma yi suke kamar ba su sani ba. Na sani sarai. Ina 'yar ƙarama na ga na Kaka yana sheƙi a coci. Kuma ni ce a watan Janairu na ba da umarni a kwashe duk tsoffin tambura a narkar, kada a bar ko ɗaya, don kada wani ya ga ƙofar komawa baya.

Na ruga wurin Harjit mai sito. Ya dube ni baki buɗe. Ya ce, "Na ɗauka kin ware na mamata a ofishinki. Da wani ne daga London da na yi magana, amma ke 'yar gida ce." Shi ya bar mini, ni kuma abin bai ko zo mini a rai ba.

Zan samo. Ranar 21 za a binne shi.

Alhamis, 13 ga Maris

Zalɓen da ake sayarwa a intanet duk jabu ne, roba da fenti. Na kira shugaban ƙungiyar masu tsoffin motocinmu, yana jin sunana ya ce, "Ke? Ko fiffike ba zan ba ki ba," ya kashe. Harjit ya ce mazubin da ake zuba narkakken ƙarfen yana nan cikin kayan da za a zubar, amma ko yau aka fara sai an yi makonni.

Na gaya wa Oga Piers. Ya ce in aka ji muna zuba zalɓe a wannan makon, za a ce mun karaya mun janye. Abin haushin, gaskiyarsa ne. Da ni ce a kujerarsa haka zan ce.

Juma'a, 14 ga Maris

Jarida ta samu labari: "Denholt ta hana mamaci zalɓensa." Da hotona ina murmushi, tsohon hoto na wani biki.

Ban tsaya waya ba, na tafi gidan Goggo Maureen da kaina na gaya mata ni na yi. Da ma ta zage ni. Shayi ta haɗa mini, ta turo biskit. Ta ce Kawu Norman ya ga tallar a gadon asibiti, ya yi dariya har ya sarƙe, wai yarinyar ta manta takalminta, mu kuma mun manta motarmu.

Da zan tafi ta ce, "Bai taɓa hawa irin motar ba, kin sani, ba mu da hali. Wannan ne kaɗai nasa."

Na yi kuka a mota. Tallar dai ba za a janye ta ba.

Lahadi, 16 ga Maris

Ban je gidan Baba ba. Bai kira ba.

Talata, 18 ga Maris

Baba ya kira da rana tsaka ina taro. Ba gaisuwa. "Zo ki riƙe min tocila."

Na tarar da shi a gareji ya ɗaga bonet ɗin koriyar motarsa, wadda ya saya da zai yi ritaya, wadda bai taɓa bari na ci ko alewa a cikinta ba. Sai na gane abin da zai yi. Na ce Baba kada ka yi, zan ci gaba da nema. Ya ce, "Haska nan."

Notin yana can ƙasa a wani lungu. Yatsunsa sun kumbura, sifana sai zamewa take. Ya gwada, ya sake gwadawa, yana huci. Daga baya ya miƙo mini sifanar ba tare da ya dube ni ba.

"Hannuna ba ya shiga. Ke ai kin iya cirewa."

Na karɓa. Na sa hannu na kwance. Zalɓen ya fi yadda nake tsammani nauyi. Ya karɓa, ya goge shi da gefen rigarsa, ya naɗe a ƙyalle, ya sa hula ya kama hanyar gidan Goggo Maureen da ƙafa. Na ce in kai shi a mota, ya ce ba haka ake yi ba.

Ni na rufe bonet ɗin. Ƙananan ramuka biyu ne suka rage a wurin.

Juma'a, 21 ga Maris

An binne Kawu Norman da zalɓensa.

Bayan coci aka taru a kulob ɗin ma'aikata. Na tsaya a bakin ƙofa da farantina kamar baƙuwa. Wani tsoho da giya ta fara hawa masa ya ɗaga murya, wai ga mai aske motoci ta zo, kowa ya riƙe gashinsa. Aka yi dariya. Baba ya ajiye kofinsa ya ce, "Kai, kama bakinka. 'Yata ce, ni kaɗai ke da izinin zaginta." Bai zo inda nake ba, ni ma ban je ba.

Ban yi masa maganar 27 ba. Ba yau ba.

Litinin, 24 ga Maris

Oga Piers yana so a ɗauko wani ɗan wasa ya ja mayafin, tunda tsohon ya ƙi. Na ce ba za a yi ba, Baba zai zo. Ya ce ya gaya miki? Na ce eh.

Baba bai gaya mini komai ba. Na dai aika masa da lokacin, na ga alamar ya karanta.

Alhamis, 27 ga Maris

Ya zo!

Masu zanga-zanga sun cika bakin get da zalɓen kwali a kan sanduna, rabinsu abokansa ne. Ta tsakiyarsu ya ratso, cikin kwat ɗin da ya sa ranar jana'iza. Na ji wani yana cewa, "Haba Cliff, har da kai?" Ya ce, "Layi ne ya zo kaina."

Oga Piers ya yi jawabi mai tsawo, ban ji ko kalma ba. Baba ya kama gefen mayafin ya ja. Motar ta fito, doguwa, ruwan toka, kai, tana da kyau, ko maƙiyi ya san tana da kyau. Aka yi tafi, wasu daga baya suka yi ihu.

Sai na ga hannunsa ya tafi da kansa kan hancin bonet, inda ya saba kamawa ya girgiza ya ji ko ya ɗauru. Ya lalubi wurin, babu komai. Hannun ya tsaya a iska na ɗan lokaci, a gaban duk masu ɗaukar hoto, sannan ya mayar da shi aljihu.

Da aka watse na same shi yana leƙen kujerun ciki. Ya ce ɗinkin ya yi, yaran sun iya aiki. Na ce to motar fa, Baba?

"Mota ce mai kyau, Lorna. Allah ya sa ta sayu. Sai dai babu inda mutum zai ɗora hannu."

Ya yarda na mayar da shi gida. Ya ce Lahadi in zo da wuri in feraye dankali.

Litinin, 31 ga Maris

Ana ta zagi har yanzu, an kuma fara yin oda. Ban canja ra'ayi ba. Tambarin yana nan, tallar tana nan, kuma gobe ma haka zan sake yi.

Na dai bi ta sito da safe, hanya ce ta biyo da ni. Na ce wa Harjit ya fitar da mazubin nan daga kayan zubarwa, ya kai wa masu zubi. Ba na mota ba ne, ba kuma sai Oga Piers ya sani ba, in ya sani ni ce.

Harjit ya ce guda nawa za a zuba?

Na fara lissafo tsofaffin da suka rage a raina, daga wanda ya fi tsufa. Sunan farko, na Baba, ya tsayar da ni.

Na ce, "Ka dai sa a zuba. Babu gaggawa."