Duk Suna Shan Na Asibiti

Kawu,

Takardar binciken nan da ka kawo wa Umma, ka karanta ta har ƙarshe kuwa? Gaisuwar ma na kusa mantawa. Ina gaisuwa.

Umma na gadon asibiti, bakinta ya karkace. A bakin famfo ta faɗi. Ashe tunda ka ce bincike ya tabbatar da kafson ganyen nan na sauke hawan jini, ta tura maganin likita ƙarƙashin katifa.

Ni ban yi jami'a ba, da ƙamus na bi takardar layi-layi. Mutum sittin suka fara, talatin da takwas suka gama. Sauran fa, aljanu ne suka kwashe su? Ba a ware wasu da ba su sha ba don a gwada bambanci. Babbar maganar kuma tana shafi na huɗu: duk wanda aka ba kafson, yana shan na asibitinsa a lokaci guda. Ba wanda aka ce ya daina. Ko ɗaya!

Ka huta lafiya.
Auta

Ɗana Auta,

Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya ba ƙanwata sauƙi. Wasiƙarka ta iso, da zafinta. Yaro bai san wuta ba sai ya taka, amma wannan karon babba ne ya taka.

Taƙaitawar da ke saman shafin farko na karanta. Na ga hatimin jami'a da sunayen likitoci, zuciyata ta kwanta. Ban ba uwarka abin da ban sha ba. Ni ma na ajiye nawa maganin tun kafin ita. Ka bar zancen a tsakaninmu, girma ya riga ya faɗi.

Wassalam.
Kawunka

Kawu,

Gaisuwa. Kai ma? To ka ɗauki wannan kafson ka je wurin likitanka yau, a auna ka.

Rufin asiri kuwa babu. Ɗazu Gwaggo ta zo dubiya tana yabon kafson, wai saƙon muryarka ta ji a guruf ɗin dangi na waya, ita ma ta daina shan nata na asibiti. Su wa kuma suka ji? A can ka yi magana, a can za ka amsa, da muryarka. Ka faɗa musu abin da ke shafi na huɗu. Ina riƙe da waya, ina jiran in ji.

Auta